Aljani a Littattafan Soyayya: Baƙo Ne Ko Ɗan Gida?

 'Yan'uwana makaranta, yau ba labari na zo muku da shi ba, wata magana ce da ta tsaya mini a rai nake so mu tattauna.

Kwanakin baya na je wani gidan biki a nan Dutse, muna zaune a ɗakin uwar amarya, sai wata dattijuwa, tsohuwar malamar makaranta, ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ke ce mai rubuta littattafan nan ko?" Na sunkuyar da kai na ce, "Ni ce Mama." Ta ce, "To ku ji tsoron Allah. Da can soyayyar mutum da mutum kuke rubutawa muna faɗa, yanzu kuma kun koma aurar wa aljanu 'ya'yan mutane. Wannan ba namu ba ne, daga Indiya da Turai kuka kwaso mana shi." Na ce, "Allah ya huci zuciyarki Mama, in sha Allahu za a gyara." Ban ƙara ko kalma ba, domin ba a jayayya da babba a cikin taro.

Sai dai da na dawo gida maganar ta ƙi barina. Na yarda akwai abin gyara, kuma zan zo kansa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cewa aljanin baƙo ne. Ni dai a iya karatuna da abin da na tashi na tarar, ɗan gida ne, ya ma girmi rubutun boko a ƙasar nan. Ga hujjata.

Kafin zuwan takarda

Duk wanda ya tashi a Dutse ya san yadda duwatsu suka kewaye garin, ya kuma san gargaɗin da ake yi wa yara a kansu. Kada a hau dutse da tsakar rana, kada a zauna gindin tsamiya ko kuka da almuru, kada a zubar da ruwan zafi ba bisimilla. Mu 'yammata kuwa namu gargaɗin ya fi yawa, domin cewa ake yi idan budurwa ta ci ado ta sa turare ta fita da magariba, wani da ba a gani zai iya ƙyasawa. Ka ga ke nan tun a bakin iyayenmu, aljani ba tsoratarwa kaɗai yake yi ba, har so yana yi.

Kakata, Allah ya jiƙanta, tana da wata tatsuniya da ba ta gajiya da ita, wadda na tabbata da yawanku an yi muku irinta. Labarin budurwar nan ce da ta ce ba za ta auri namiji mai tabo ko ɗaya a jiki ba. Ta kori samarin gari kaf, sai ga wani kyakkyawan baƙo da ba wanda ya san asalinsa, jikinsa sumul. Ta ce shi take so, aka ɗaura, suka kama hanya. Sai da suka yi nisa cikin daji sannan ya rikiɗe ya koma ainihin halittarsa. Ku duba da kyau: kyakkyawan baƙo, yarinya mai kafiya, iyayen da aka ƙi jin maganarsu, gidan miji mai ban tsoro. Wannan shi ne ƙashin bayan rabin littattafan aljanu da ake karantawa a waya yau.

A Birnin Kudu, maƙwabtanmu, akwai duwatsun da mutanen da suka zana shanu a jikinsu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, da kuma waɗansu duwatsu da ake bugawa su yi amo kamar ƙararrawa. Wani Bature, Bernard Fagg, ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950, kuma cikin abin da aka rubuta game da wurin har da cewa amare kan ziyarce shi lokacin biki. Wato dangantakar aure da irin waɗannan wurare masu kwarjini tsohuwar aba ce a yankinmu.

Sai kuma bori. Ba tallansa nake yi ba, Allah ya tsare mu da shirka, tarihi nake bayarwa. Masu bori suna da birnin iskoki da suke kira Jangare, mai sarki da fada da gidaje, inda ake aure da kishi da haihuwa kamar dai garin mutane. Wani manazarci, Fremont Besmer, wanda ya zauna da masu borin Kano, ya kawo gidaje 12 na wannan birni a littafinsa na 1983. Cikin iskokin akwai Ɗan Galadima, ɗan sarauta, kyakkyawa, mai son ado da turare, mai kyauta kamar ba gobe, ɗan caca, mai son mata. Duk wadda ta karanta littafin aljani na zamanin nan, ta cire sunan jarumin ta sa Ɗan Galadima, za ta ga rigar ta zauna masa daidai.

Malamanmu ma ba su bar maganar ba. Samuwar aljanu dai Alƙur'ani ya tabbatar da ita, har da sura guda mai sunansu. Wani malami na ƙarni na 8 bayan hijira, Badaruddini Asshibli, ya wallafa littafi sukutum a kan hukunce-hukuncensu, Akamul Marjan, kuma a ciki an tattauna batun aure tsakanin mutum da aljani. An ruwaito cewa mutanen Yaman sun aiko wa Imamu Malik tambaya game da wani aljani da ke neman auren wata yarinya. Abin da ya sa ya ƙi abin, kamar yadda ruwayar ta nuna, shi ne gudun kada a ga mace da ciki, a tambaye ta mijinta, ta ce aljani ne, ɓarna ta yawaita. Ku riƙe wannan amsa ta Imamu Malik, za mu dawo kanta, domin ya hango abin da mu marubuta muka daɗe muna yi da aljani, wato mayar da shi mayafin da ake rufe abin da baki ba ya iya faɗa.

Daga Zariya, 1933

Da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933, malaman da suka shiga ba su baro aljanu a gida ba. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, sai da taimakon aljanu Alhaji Imam ya kai ga ruwan da ya fita nema. A Ganɗoki na Bello Kagara, bayan jarumin ya gama fafatawa da Turawa, labarin ya zarce da shi duniyar aljanu da dodanni. Ga kuma Dare Dubu da Ɗaya da aka fassara tun zamanin Turawa, wanda ke cike da ifiritai masu sace amare da 'ya'yan sarakunan aljanu masu auren 'yan'adam, kuma duk wanda ya karanta shi ya san akwai wuraren da ba a karanta wa yara.

Amma wanda ya fi kusa da maganarmu a littattafan wancan zango shi ne Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East. Abubakar yana son Zainab, attajiri Malam Shaihu ya sa dukiya ya aure ta. Abubakar ya shiga duniya, ya kutsa dazuzzuka neman sihirin da zai rama da shi, ya samo, ya sa wa ɗan da suka haifa, Kyauta. Yaro ya tashi ya zama ɓarawo, ƙarshe ya zama ajalin mahaifinsa. Soyayya, cin amana, tsafi da jini, duk a ɗan ƙaramin littafi guda, wanda kuma aka yi shekaru ana karantar da shi a makarantu. Idan ana neman kakan littattafan soyayya masu duhu a Hausa, to ga shi nan.

Bayan nan aka ci gaba da samun labaran jarumta da abubuwan al'ajabi, kamar Iliya Ɗanmaiƙarfi na Ahmadu Ingawa, har zuwa Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a 1969, wanda ya ɗaga labarin ya kai shi sararin samaniya. Sai dai a waɗannan duka, maza ne ke rubutu, kuma yaƙi da tafiya su ne a gaba, so yana biye a baya.

1980: aljana ta zama kishiya

A ganina babban juyin ya zo ne a 1980, lokacin da kamfanin NNPC na Zariya ya buga littattafan da suka yi fice a gasarsa: Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, da So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid. Wannan na ƙarshe shi ake lissafawa a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. To me ke cikinsa? Boɗaɗo, 'yar Fulani, ta kafe a kan Yasir wanda ba ɗan ƙabilarsu ba ne, ta yi ta fama da dangi. Da aka wuce wannan, sai ga aljana ta shiga tsakaninsu.

Ku lura da wannan, 'yan'uwa. Littafin da ake kira uwar littattafan soyayyarmu, shi da kansa da aljana a cikinsa. Ba a jira fim ɗin waya ba, ba a jira intanet ba. Ranar da mace ta fara ɗaukar alƙalami ta rubuta so da Hausa, a ranar mutanen ɓoye suka bar fagen yaƙi suka shigo ɗakin aure.

Zamanin kasuwa, da abin da na gani da idona

Daga tsakiyar shekarun 1980 marubuta suka daina jiran kamfani, suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu. Aka samu su Talatu Wada Ahmed da Rabin Raina, Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna, Anti Bilkisu Funtuwa da Allura Cikin Ruwa. Malam Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa harkar suna Adabin Kasuwar Kano, aka yi shekaru ana tafka muhawara a jaridu tsakaninsa da su Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu.

Mu a nan, ranar 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jigawa daga Kano, Dutse ta zama babban birnin jiha. Ina 'yar firamare a lokacin. Ma'aikata suka taso daga Kano da iyalansu, kuma a gidajensu na fara ganin waɗannan littattafai, a ƙarƙashin matashin matan aure. An raba jiha, amma ba a raba kasuwar littafi ba. Daga Kano ake saro su, a Kano ake buga su, har mu da muka zo muka fara rubutu daga baya sai mun hau mota mun kai rubutunmu can. A Dutse kuwa haya muke karɓa a shago, littafi ɗaya ya zaga gida biyar kafin a mayar, bangonsa duk ya sha manja.

Ina sakandare, a tsakiyar shekarun 1990, aka shiga wani yanayi da duk 'yar makarantar kwana ta wancan lokaci ba za ta manta ba. Labari ya bazu cewa 'yammata a makarantun Kano suna faɗuwa suna fisge-fisge da wata irin rawa, aka ce aljana ce mai suna Sumbuƙa. Kaset-kaset na ruƙiyya suka cika kasuwa, ana jin malami yana yi wa aljani tambayoyi, aljani yana amsawa ta bakin yarinya. Mun saurara a ɓoye, mun kwana a gado ɗaya mu uku saboda tsoro. Abin da na riƙe daga irin waɗannan kaset shi ne amsar da takan fito idan an ce wa aljanin me ya sa ya shige ta. Sau da yawa cewa yake yi sonta yake yi. Daga wannan zamani ne kalmomi irin su namijin dare da jinnul ashiƙ suka zama ruwan dare a bakin mata.

A fahimtata wannan ne ya share wa littattafan tsoro fage. Nazir Adam Salih, mai Kibiyar Ajali, da Maje El-Hajeej Hotoro suka yi suna wajen labaran da ke sa gashin jiki tashi. A gefe guda ga littattafan yaƙi na su Abdul'aziz Sani Madakin Gini, cike da bokaye da aljanu da gimbiyoyi, ga Malikussaif na Aliyu Abubakar Sharfaɗi da aka ɗauko daga tsohuwar hikayar Larabawa. Mu mata kuma muka ɗauki aljanin muka kai shi inda muka fi sani, wato tsakar gida.

Nan zan ba Mama gaskiyarta. Indiya ta sa hannu. Duk wanda ya kalli Nagin na 1976 ko Nagina na 1986, inda macijiya ke rikiɗa ta zama mace saboda so ko ramuwa, ya san daga inda wasu daga cikinmu suka samo macizansu. Amma fim ɗin ya karɓu ne domin ya tarar da gurbinsa a shirye. Wanda aka raina da labarin 'yan ruwa da angon da ya rikiɗe a daji ba ya buƙatar a yi masa bayanin macijiya mai soyayya.

Aikin da aljani yake yi mana

A 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda hurumin ta ya haɗa da littattafai. A 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, sannan a 2008 hukumar tace, a hannun Malam Abubakar Rabo, ta nemi marubuta su yi rajista. Mu 'yan Jigawa dokar ba tamu ba ce, amma tunda maɗaba'a da dillalai suna Kano, ta ci mu. A wannan tsakani na fitar da littafina na farko, kuma zan faɗa muku gaskiyar dalilin da ya sa na sa aljani a ciki.

Labarin wata yarinya nake son bayarwa, wadda aka aurar ga wanda ba ta so, ta kasa yarda ya kusance ta. Da na rubuta shi tsirara, za a ce na koya wa 'ya'yan mutane bijire wa iyaye da miji. Sai na ce aljani ne ya aure ta tun tana ƙarama, shi ke hana ta. Nan take labarin ya zama halal a idon kowa. Uwa ta karanta ta tausaya, miji ya karanta bai ji an zage shi ba, yarinyar da abin ya shafa kuwa ta karanta ta gane da ita ake. Haka muka yi ta yi. Matar da ba ta haihu ba, budurwar da manema ke gudu, amaryar da ta tsani ɗakinta, macen da ke da buƙatar da kunya ta hana ta faɗa, duk muka ɗora wa aljani. Abin da Imamu Malik ya hango ke nan, sai dai mu a takarda muka yi shi.

Abin da ya canja

Da littafi ya bar takarda ya koma waya, ta Facebook da WhatsApp da Wattpad, da OkadaBooks kafin a rufe shi a 2023, sai mai tacewa ya ɓace, edita ya ɓace, har kunyar a gan ka da littafi a hannu ta ɓace. Turawa ma suna da irin wannan tafiya. Dodonsu mai shan jini, wanda abin tsoro ne a Dracula na 1897, ya zama saurayin da ake mafarki a Twilight na 2005. Namu aljanin ma haka ya yi. A tatsuniyar kakata, auren baƙon nan azaba ce da ake kuɓuta daga gare ta. A So Aljannar Duniya aljana abokiyar gaba ce. A hannunmu mayafi ce. A yawancin na yau kuwa aljani shi ne gwarzon miji: ya fi kowa kyau, ya fi kowa kuɗi, yana kishi har ya kashe, yana zuwa wa yarinya cikin dare ba da izininta ba, a kuma kira wannan so. Wasu ma ba labarin ne a gabansu ba, batsa ce zalla, aljanin hujja ce kawai ta cewa ai ba zina ba ce tunda ba mutum ba ne. A nan ne nake tare da Mama ɗari bisa ɗari.

Sai dai ba zan nuna yatsa in manta da sauran huɗun da ke kallona ba. Shekarun baya wata baiwar Allah daga wani ƙauye a yankin Kiyawa ta neme ni har gida. Ƙanwarta ce ke faɗuwa tana kumfa tun tana 'yar shekara 13. Ta ce da ta karanta littafina sai ta ga komai ya yi daidai da na yarinyar cikin labarin, suka tabbatar namijin dare ne. Suka yi shekaru suna yawon hayaƙi da rubutu, an sayar da awaki, an cire yarinya daga makaranta, manemi ya janye. Sai da ta faɗa wuta ta ƙone a hannu aka kai ta asibiti, a can aka ce farfaɗiya ce, aka ɗora ta a kan magani, faɗuwar ta ragu ƙwarai. Matar ba faɗa ta zo yi mini ba, so take in sa wannan a littafi na gaba. Ta tafi ta bar ni zaune na kasa tashi. Ni na ƙagi alamomin nan a ɗakina don labari ya yi daɗi, wasu kuma suka ɗauke su a matsayin ilimi.

Ban ce babu shafar aljanu ba, ban kuma ce a bar addu'a da ruƙiyyar da ta dace da sunna ba. Abin da nake cewa shi ne, makarancinmu ba kamar na Ingila ba ne. Baturiyar da ta karanta labarin mai shan jini ta san babu shi. Tamu kuwa ta yi imani da aljani, kuma tana da gaskiya, saboda haka duk abin da muka jingina masa tana iya ɗauka ta auna rayuwarta da shi, ko ta 'yarta.

Don haka ba na goyon bayan masu cewa a kore shi daga adabi. Wanda ya zauna a tatsuniya, ya zauna a Ruwan Bagaja, ya zauna a littafin mace na farko, ba wata hukuma da za ta fitar da shi. Roƙona ga 'yan'uwana marubuta guda uku ne. Idan za mu rubuta cuta, mu tambayi masana lafiya, mu bar ƙofar asibiti a buɗe a cikin labarin. Idan za mu rubuta hukuncin addini, mu tambayi malamai. Idan kuma aljani ya zo wa yarinya da ƙarfi, mu kira abin da sunansa, kada mu yi masa kwalliya da sunan ƙauna.

Na yi niyyar in buga wannan rubutu a takarda in kai wa Mama har gida, in durƙusa in ba ta, tunda a gaban jama'a ban iya ba ta amsa ba. Duk abin da ta ce, zan kawo muku shi a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Masu ganin na yi kuskure a wani wuri kuma, ƙofa a buɗe take, a gyara mini.

Allah ya tsare mu da sharrin mutum da aljan, ya shiryi alƙalumanmu. Wassalam.